Ba Mimi Ce Ta Faɗa Ba

Ranar da ya fara shigowa kemis ɗin da take aiki, yatsansa a naɗe yake da hankici, jini ya ɓata masa hannun riga. Sai da ya ɗan sunkuya kafin ya wuce ƙofar saboda tsayi.

"Sannu. Me ya yanke ka haka?" ta tambaya tana jawo auduga.

"Kwali," ya ce cikin kunya. "Kwalin sabuwar kwamfuta. Don Allah ki rufa mini asiri."

Kafin ta amsa, 'yarta Mimi ta leƙo daga bayan kanta, rungume da tab, ƙaramar kwamfutar hannun da take zane a ciki.

"Mama, Malam Dogo ne, mai koya mana kwamfuta. Shi ne yake cewa mu riƙa kula da hannunmu."

Maman Mimi ta yi dariya har audugar ta suɓuce mata. Rabon da ta yi irin wannan dariyar tun kafin aurenta ya mutu ta dawo gidan iyayenta.

Yatsa ya warke, Malam Dogo bai daina zuwa ba. Yau ciwon kai, gobe tari, jibi ya zo tambayar ko maganin tarin yana da ɗan'uwa. Wata rana bayan fitarsa saƙo ya shigo wayarta.

"Likitata, gaskiya lafiyata ƙalau. Maganin duk yana cikin durowa. Ke nake zuwa gani. In kin amince, zan zo gida in gaida Abba."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta rubuta: "Dogo, ni bazawara ce, da 'ya. Ka yi tunani."

"Na yi. Ku biyun nake so."

Haka ya fara zuwa da la'asar, su zauna a baranda, Mimi a tsakaninsu tana zane. Baban Mimi ne ya saya mata tab ɗin bayan rabuwa, kuma yarinyar ba ta yarda ya yi nisa da ita. Wata rana aka yi ta shigowa ana fita, hira ta ƙi zama, Dogo ya ce cikin wasa, "Wata rana sai na ɗauke ku, ke da Mimi, mu tafi inda ba mai katse mana magana."

A ƙarshen wannan makon Mimi ta je wurin babanta kamar yadda aka saba. Bayan ta dawo, Abba ya kira Maman Mimi falo, fuskarsa a ɗaure.

"Uban yarinyar nan ya zo mini. Ya ce malamin nan yana shirin gudu da ke da 'yarsa. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Abba, wasa ne fa yake yi."

"Ashe ya faɗa. To ban yarda ba. Ba zan shiga shari'a a kan jikata ba saboda wasan wani. Kar ya sake zuwa."

Ta fito. Su uku ne kawai a baranda ranar da Dogo ya yi wannan wasan. Ta sami Mimi a ɗaki, ta rufe ƙofa.

"Me kika faɗa wa babanki?"

"Ban faɗa masa komai ba, Mama."

"Ƙarya kike yi. Duk abin da aka yi a gidan nan sai kin kwashe kin kai masa. Ni ban haifi 'yar tsegumi ba."

Mimi ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dai ce, "Wallahi ban faɗa ba," sannan ta juya ta fuskanci bango.

Daga ranar yarinyar ta canza. Mai surutun da sai an roƙe ta ta yi shiru ta koma eh da a'a. In uwar ta shigo ɗaki, sai ta tattara ta koma wurin kakarta. Shi ma Dogo bai tsira ba, don da wasu maganganun suka ci gaba da isa kunnen Baban Mimi, sai ta tura masa: "Ko dai kai ne kake baza hirarmu a cikin abokanka? Ka bar ni haka nan, na gaji."

"Ban taɓa ba, Likitata," ya amsa. "Amma zan ba ki lokaci. Ki gaida mini Mimi, ta daina ɗaga hannu a aji."

Wannan layin na ƙarshe ya tsaya mata a rai, amma ta danne.

Wata safiya bayan Mimi ta tafi makaranta, ta zauna a gefen gado a ɗakin Umma tana kuka, Umma tana lallashinta.

"Na haƙura da shi, Umma. Zan ce masa ya nemi wata."

Ko kemis ba ta kai ba saƙon Baban Mimi ya shigo. "Na ji kin dawo cikin hankalinki. Gara ya nemi wata ɗin."

Ta tsaya cak a bakin titi. Mimi tana makaranta. Dogo bai san zancen ba. Umma kuwa ko gaisuwar mutumin ba ta amsawa. Ta shiga tuna ɗakin, gado, labule, madubi, sai tab ɗin da aka bari a caji a kan tebur. Abin da ya fara zuwa mata ba fushin tsohon mijinta ba ne. Fuskar Mimi ce ta gani, tana kallon bango.

Ta koma gida ta kashe tab ɗin, ta kai wa Dogo a ɗakin kwamfuta na makaranta lokacin hutun tara. Bai tambaye ta komai game da saƙonta ba. Ya ce kar su yi magana in ya kunna, ya jawo takarda yana rubuta mata abin da ya gani. Da imel ɗin Baban Mimi aka buɗe tab ɗin. A can ƙasan jerin manhajoji akwai wata mai kama da kalkuleta, an ba ta izinin makirfo da na sanin inda ake. Ya ɗauki hoton komai da wayarta, sannan ya sake kashewa.

"Kar mu goge yanzu," ya ce. "Abba ya fara gani da idonsa."

"Na ce mata 'yar tsegumi, Dogo." Muryarta ta karye. "Ta rantse mini, ban yarda ba. Kai ma na zarge ka."

"Nawa mai sauƙi ne, ya wuce. Nata ki fara gyarawa."

Abba ya sa tabarau ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karanta saƙon safiyar.

"A cikin gidana," ya ce a hankali. "Har ɗakin matata. Ni kuma na zauna ina ba shi ruwa yana kawo mini abin da ya sato." Ya cire tabarau. "Kira mini malamin nan. Ni zan ba shi haƙuri."

Ya kuma kira Baban Mimi da yayansa ya nuna musu. Aka tsayar da magana cewa yarinya za ta ci gaba da zuwa wurin ubanta, amma tab zai riƙa zama a gida, in kuma aka sake, hotunan za su je gaban hukuma. Baban Mimi ya ce shi don lafiyar 'yarsa ya yi. Yayan nasa ya ce masa ya yi shiru.

Dogo ya kwashe zanen Mimi kaf ya adana, ya goge tab ɗin tas, ya sa uwar ta buɗe sabon imel da hannunta, da lambar sirrin da ko shi ya juya baya lokacin da take sakawa. Ya nuna mata inda za ta riƙa duba wace manhaja ce take sauraro.

Saura abu mai wuya. Ta sami Mimi a baranda, ta durƙusa a gabanta.

"Ba ke kika faɗa ba, na sani yanzu. Wani abu ne a cikin tab ɗinki yake ɗaukar magana, an cire shi. Na yi miki ba daidai ba, Mimi. Ki yafe mini."

"Ai na gaya miki."

"Kin gaya mini."

"Wa ya saka?"

Amsar tana bakinta, ta haɗiye. "In kin girma zan yi miki bayani. Amma babu laifinki ko kaɗan."

Mimi ta karɓi tab ɗin, ta duba zane-zanenta ta ga suna nan. Ba ta rungumi uwar ba ranar. Sai da aka ɗauki makonni, uwar tana bi a hankali, kafin wata rana a hanyar makaranta surutun ya ɓalle, ta ba ta labarin yaron da ya zauna a kan cingam tun daga ƙofar gida har bakin aji. Maman Mimi ta saurara har ƙarshe, tana share ido da gefen mayafi.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙonsa ya shigo: "Likitata, Mimi ta kafa mini sharaɗi. Wai a gida ba za ta ce mini Malam ba, kuma ba aikin gida ranar Asabar. Na sa hannu."

"Ka yi saurin yarda, Dogona," ta rubuta. "Gobe za ta ƙaro wasu."

Da za su tafi, Abba ya kama hannunta ya kama na Mimi, ya dubi Dogo.

"Ga su nan su biyu, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri, ya sa yarinyar nan ta tashi cikin aminci a tsakaninku."

Umma ta ce amin tana hawaye. Mimi ta riga kowa shiga mota, ta zauna a tsakiya, ta ce ita ce za ta zaɓi ɗakinta.