Geron da Ya Toshe Burtali

Ran Talata ce. Hadari ya haɗu a gabas, bai zubar ba.

Malam Tanko yana gyaran ƙotar hauya a zaure, ɗansa Hamisu ya shigo ya durƙusa.

"Baba, maganar aurena da Saratu ce."

"Na ce babu. Ba na haɗa jini da rugar nan."

Rugar 'yan bukkoki ce ta Fulani a bayan Matameye, gonakin Hausawa sun zagaye ta. Hanyarsu ɗaya ce zuwa tabki, burtali. A bakinsa aka yi faɗa shekarun baya, aka ƙone bukkoki, aka kashe ƙanen Malam Tanko. Tun daga nan ko nononsu ba a sha a gidan. Bana kuwa da gangan Malam Tanko ya shuka gero har cikin burtalin, ya toshe shi.

Ba su gama ba suka ji sallama. Saratu ce, 'yar Arɗon rugar, ba ƙwarya ba takalmi.

"Baba, ka yi mini rai! Shanu sun ƙare da ƙishirwa. Yayyena sun ce gobe za su kora su ta cikin geron, sun ɗauko takubba. In suka san na zo nan, na shiga uku!"

"Su zo. Samarinmu ma suna da gatari."

"To ni zan tsaya a tsakiya," in ji Hamisu. "Na daɗe ina haƙuri, ban taɓa musa maka ba. Amma wallahi ko jandarma sun taso daga Kance, gawata za su tarar!"

Saratu ta fashe da kuka.

"Da aka ƙone bukkarmu ba a haife ni ba, Baba. Me na yi?"

Hauyar ta suɓuce daga hannun tsoho. Shi ya ɗauko ƙanensa a kafaɗa daga bakin burtalin nan ranar da aka kashe shi, bai manta nauyinsa ba. Ya dubi wuyan ɗansa, tsoro ya kama shi.

"Raka ta har bakin ruga," ya ce. "Ka dawo."

Gabar da iyaye suka ƙi binnewa, 'ya'yansu take ci. Yaran nan ba su ɗauki makami ba, haƙuri suka yi, suka faɗi gaskiya, Allah bai bar su ba.

Washegari da ya idar da sallar asuba, Malam Tanko ya tafi burtali shi kaɗai. Ya tuge geronsa kunya bayan kunya har hanya ta buɗe. Ya tsaya shanu suka wuce. Sannan ya wanke hannu, ya sayi goro, ya nufi bukkar Arɗo neman wa Hamisu aure.