Ranar Da Nereida Ta Yi Magana A Filin Faroles

"Ba zan iya ba, Kaka!"

"Za ki iya. Baki gare ki."

Ina zaune tsakaninsu a filin wasa, rana na gasa mu: 'yata Nereida a dama, surukina Don Eusebio a hagu. Tun da matata ta rasu, ta saman kaina suke rigimarsu.

Faroles, ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, ta girmi kowa a garin nan, amma tarihinta bai cika shafi ba. Kofi biyu, gobara ɗaya, sai Don Eusebio. Shi kaɗai ya taɓa yin jifa tun farkon wasa har ƙarshe ba a sami wanda ya doki ƙwallonsa ya tsira ba. Da wannan yake shan gahawa kyauta a kowane shago.

Ran nan kuwa mai yi mana jifa, Wilkin, saurayin Nereida, ya kai zagayen ƙarshe, shi ma ba wanda ya doki ƙwallonsa ya tsira. Kowa ya san doka: ba a ambata wannan sai an tashi wasa. Ko abokan wasansa matsawa suke daga kusa da shi, don wanda ya furta ya karya abin. Na karanta littattafai, ban yarda da camfi ba, amma ni ma bakina gum.

"Shi yaro ne, yana da gobe," in ji tsohon. "Ni me ya rage mini? Ko haƙora babu."

"Kaka, aure fa za mu yi..."

"Wa ya goya ki da uwarki ke kwance asibiti? Shi?"

"Don Eusebio, ka ji tsoron Allah," na ce.

"Rufe mana baki, malamin makaranta! Ko sandar bugu ba ka iya riƙewa ba."

Ya kama hannunta. "Idan ya yi abin da na yi, 'yar nan, an binne ni da raina."

Ta tashi. Ta gangara har bakin shingen waya daidai lokacin da Wilkin ke fitowa, hawaye na zuba.

"Wilkin, masoyina... saura kaɗan! Har yanzu ba wanda ya doke ka!"

Wurin ya yi tsit. Hatta mai tallan soyayyar ayaba ya haɗiye kiransa.

Jifansa na farko, aka doka ƙwallon har gindin katanga.

A bakin ƙofa ta tare Wilkin bayan an tashi.

"Da wata ce, sai in ce rashin sani ne," ya ce. "Ke jikar Don Eusebio ce."

"Ka saurare ni, don Allah..."

"Ai na saurare ki. Duk filin ya saurare ki."

Kafin damina ya koma wata ƙungiya a babban birni. Na ji 'ya'yansa sun fara makaranta.

Tsohon yanzu ya rikice, bai ma san ya taɓa riƙe ƙwallo ba. Nereida ke ba shi abinci a baki. Jiya ya ƙura mata ido, ya yi murmushi.

"Yarinya kyakkyawa kamarki," ya ce, "me ya hana ki aure?"