Ɓarawon da Ya Cika Ganga

Tannie Magriet Vosloo, wato Inna Magriet mai gonar inabi, ta kai kofin hanci, ta kurɓa, ta juya giyar inabin a baki, sannan ta tofar a magudanar da ke ƙasa. Ta zare matoshin ganga ta biyu, ta zura bututun gilashi ta ɗebo, ta sake kurɓa. Ta uku ma haka. Baƙi shida da Deidre Januarie, mai kai 'yan yawon buɗe ido gonaki, ta ɗauko daga Cape Town suna tsaye riƙe da kofuna, suna jiran tsohuwar ta fara ba su labarin inabinta kamar yadda aka yi musu alkawari.

"Wannan ba giyata ba ce," in ji Tannie Magriet.

Wani baƙo mai tumbi, wanda tun safe haɗiyewa yake maimakon tofarwa, ya shinshina kofinsa. "Ni dai ƙamshin gasasshen nama nake ji. A ƙaro!"

Aka kwashe da dariya, ban da tsohuwar da Deidre.

Deidre ta lallaɓa baƙinta ta kai su mota, ta dawo. Ta tarar da tsohuwar tana bin gangunan katakon da ido. Kowacce cike take fal har wuya, an buga mata matoshi daram. Kwalayen kwalabe na jibge a bakin ƙofa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Kwaɗon ƙofar ma lafiyarsa ƙalau.

"An zuƙe tawa, an zuba wata," in ji Tannie Magriet. "Mutum uku ke da mabuɗin ɗakin nan: ni, da Hendrik, da ke."

"Haba, Tannie!"

"Hendrik a gonar nan aka haife shi. Ke kuwa ke ce mai yawo gona-gona. Ran Juma'a zan je wurin 'yan sanda. Kafin nan, kar motarki ta sake shigo mini."

Abin ya yi wa Deidre ciwo, ya kuma tsorata ta. Jarinta duka ƙaramar bas ce guda, da yardar da manoman kwarin Tulbagh suka yi mata har take shigar da baƙi inda manyan motocin yawo ba sa kaiwa. A kwarin nan kuwa, in gona ɗaya ta rufe maka ƙofa, kafin ka sha kwana ta gaba sauran sun ji labari. Gangunan ukun ma ba na banza ba ne. Su ne Tannie Magriet ta keɓe wa wani kulob na mashaya giyar inabi da ke Cape Town, wanda bana ya bar tsohon mai kawo masa kaya ya dawo wurinta.

Ta mayar da baƙin birni, ta juyo. Washegari ta kasa zama wuri ɗaya. Ta dafa shayi ta manta da shi, ta wanke motar da ba ta yi datti ba, daga bisani ta tayar da ita ta nufi bayan gonar Vosloo. Ta ajiye ta a kan titi, tunda an hana ta shiga, ta taka da ƙafa zuwa inda Hendrik Booysen, mai kula da ganguna, yake wanke tiyo.

"An ce ke ce," in ji Hendrik, bai ko ɗago ba.

"Na ji. Yaushe rabonka da buɗe gangunan nan?"

"Asabar. Duk Asabar nake ƙara musu, saboda katako na shanye giya. In ka bar sarari a ganga, iska ta shiga, sai ta koma tsami."

"Da wace giya kake ƙarawa?"

"Da ta gidan nan mana. Ga tankinta can."

"To, da a ce kai ne ka ɗiba?"

Sai yanzu ya ɗago, ya harare ta. "Da ni ne, 'yar nan, da giyar gida zan cika, har abada ba mai ganewa. Kin ɗauke ni mahaukaci ne, in je in kinkimo ta wani wuri?"

Gaskiyarsa. Deidre ta cire shi daga ranta nan take.

"Ran Lahadi fa, wa ke gida?"

"Kowa na coci, har rana ta take. Kare kaɗai muka bari, shi ma bai yi haushi ba, in ji masu sharar titi." Ya ja tsaki, ya ci gaba da wanki. "Zamanin marigayi mai gonar nan ba a irin wannan. Kowa na rataye da mabuɗin maƙwabcinsa saboda gobara, kuma ko cokali bai taɓa ɓata ba."

Ta koma mota ba ta tayar ba, sai kaɗa yatsu take a kan sitiyari. Ɓarawon da ke son abin sayarwa kwalabe zai ɗauka, ga su a bakin ƙofa. Wanda ke son ɓoye sata ruwan famfo zai ɗura. Mai ƙeta kuma buɗe gangunan zai yi ya bar iska ta gama aiki. Wannan kuwa ya sha wahalar ɗauko giya a jarkoki tun daga wani wuri, ya cika, ya toshe. Wane irin ɓarawo ne ke gyara ɓarna kafin ya tafi?

Saura mutumin kulob, Gideon Lategan, mai zaɓar musu giya. An san shi da neman aibu a kaya don ya karya farashi. Ta same shi a wani ɗakin shan kofi da ke bakin titin coci, yana cin waina mai zuma da yatsu biyu kada ta ɓata masa riga.

"Malam Lategan, ka ji abin da ya sami gangunanku?"

"Na ji, kuma ban ji daɗi ba. Na riga na sanar wa 'yan kulob sunan gonar Vosloo."

"Ba za ka so farashin ya faɗi ba?"

Ya yi dariya. "In sayi gurɓatacciyar giya da araha, in shayar da likitoci da lauyoyi? Su cinye ni ɗanye? Ni ko tiyo ban iya riƙewa ba, kuma ran Lahadi ina bikin ƙanwata a Paarl. Tambayi duk wanda ya ga rawata, ba zai manta ba."

"In ta Vosloo ta faɗi, wa za ku koma wa?"

"Ai ko ba ta faɗi ba, muna ba waɗanda muka bari dama su aiko da samfur, mu ɗanɗana ba tare da ganin suna ba. Al'adarmu ce." Ya lashe yatsa. "Abin mamaki, jiya Oom Sarel Nortier, tsohon mai kawo mana kaya, ya aiko da nasa. Na saci kurɓa. Tas! Ban san ina tsohon ya ɓoye irin wannan ba."

"Me ya sa kuka bar shi tun farko?"

"Gobarar dajin da aka yi a kan dutse. Hayaƙi ya kwanta a kan inabinsa ana dab da tsinka. Duk giyar shekarar ƙauri take. Sauran da abin ya shafa sun sayar da tasu an yi barasa, shi ya kafe wai ƙaurin zai fita."

Deidre ta miƙe ba ta ko taɓa kofin da aka kawo mata ba. Baƙo mai tumbi ya ce gasasshen nama yake ji, kowa ya mayar da shi sakarai. Tannie Magriet ma ai ta ji ƙaurin, hancinta ya fi na kowa a kwarin. Sai dai Oom Sarel, wato Kawu Sarel, maƙwabcinta ne, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mijinta, don haka zuciyarta ta tsallake shi ta faɗa kan bare.

A hanya sau biyu tana rage gudu kamar za ta juya. Oom Sarel ne manomin da ya fara buɗe mata ƙofa, tun tana yawo da motar aro, sauran na mata kallon hadarin kaji. Ta so ƙwarai a ce lissafinta ya kuskure.

Ta same shi a ɗakin gangunansa, dogon tsoho mai faffaɗar hula, yana goge wata ganga da tsumma.

"Deidre! Ina baƙin naki? Ko ke ma kin bi kulob kin guje ni?"

"Oom, ka ɗan ɗebo mini daga wannan."

"Ke da ba kya sha in kina tuƙi?"

"Shinshinawa zan yi."

Ya ɗebo. Ƙauri ya bugi hancinta tun kofin bai iso ba.

"Irin wannan ce a gangunan Tannie Magriet guda uku," in ji ta. "Tata kuma tana cikin kwalaben da ka aika wa Lategan."

"Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

"Ba kowa. Ba a fasa kwaɗo ba, kai kuma kana da mabuɗin da marigayi ya ba ka saboda gobara, wanda ita ta manta da shi. Kare bai yi haushi ba, don ya san ka tun yana ɗan kwikwiyo. Giya mai ƙauri kai kaɗai ka rage da ita a kwarin nan. Amma ba waɗannan suka kawo ni ba, Oom. Cikawar ce. Ba mai sata ya tsaya cika ganga har wuya sai wanda ya tsufa a cikin ganguna."

Tsohon ya zauna a kan wani akwati. Ya daɗe yana murza tsumman a hannu.

"Kaɗan na yi niyyar ɗiba," ya ce a hankali. "Su ɗanɗana, su dawo, kafin nan ta bana ta nuna, ita kuwa lafiya lau take. Tun ina da ƙarfina nake kai wa mutanen nan kaya, wuta ɗaya ta sa suka watsar da ni. Da na zuƙa na leƙa, sai na ga sarari a gangar. Na kai bakin ƙofa na kasa fita. Da me zan cika? Ruwa? Giyar Magriet fa! Tankinta na ƙari a kulle, sai na dawo gida na ɗebo tawa. Na ce ko ba komai, iska dai ba za ta kashe ta ba."

"Ka ji an ce ni ce?"

Ya ci gaba da murza tsumman.

"Oom Sarel, ka ji?"

"Na ji. Tun jiya."

"Giya ka ji wa tausayi, ka kasa barinta da iska ko na yini ɗaya," in ji Deidre. "Ni fa?"

Ya ninke tsumman ya ɗora a kan ganga, ya miƙe da ƙyar kamar wanda ya yi jinya. Ya nufi a-kori-kurarsa, sai ya tsaya, ya juyo.

"Ba zan iya tuƙi ba," ya ce. "Ki kai ni wurin Magriet."

Deidre ta buɗe masa ƙofar gaba. Ya shiga, ta tayar da mota, suka nufi gonar Vosloo.