Ratar da Ke Tsakanin Jirage Biyu

A tekun Skagen da ke arewacin Denmark, in hunturu ya kama, tun la'asar duhu ke rufewa. Jiragen dakon ɗanyen mai guda biyu suna ɗaure gefe da gefe, da manyan robobi a tsakaninsu don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Mogens Thygesen, mai kula da juyen man, yana tsaye wajen tiyo yana zagin ma'aikatansa.

"Ku yi sauri, ragwayen banza. Ba zan kwana a nan saboda ku ba."

Sai ya ji warin tsatsa da ruwan gishiri a bayansa. Wani mutum ne sanye da kayan aikin ɗaya jirgin, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa. Mogens ya dubi kwandon da ake tsallako da mutane a ciki daga ɗaya jirgin, ya gan shi rataye inda yake tun safe.

"Maigida," in ji baƙon, muryarsa kamar ta wanda aka danne wa ƙirji, "wa ke da ikon tsayar da aikin nan?"

"Kowa, ko mai wanke tukwane. Kauce mini."

"To, bara da na faɗa tsakanin jiragen nan, na yi ta kira daga can ƙasa a tsayar da aiki. Ka leƙo, muka haɗa ido, ka ce a ci gaba."

Mutumin ya juya gefe yana nuna ratar da ke tsakanin jiragen. A hasken fitila Mogens ya ga kaurin jikinsa bai fi na falankin katako ba.

"Yau kai za ka yi kira daga can," in ji shi, ya damƙi wuyan rigar Mogens. "Mu ga wanda zai tsaya maka."