Ranar da Ƙirjin Tsuntsuwa Ya Yi Shiru

"Sake min hannu! Wallahi sai na kai ta asibiti!"

"Babu inda za ki! Kullum asibiti, kin mai da min 'ya majinyaciya!"

Kafinta ke nan da matarsa, rana tsaka, a cikin shagonsa. Kai, jama'a! Waɗannan fa su ne ma'auratan da ko ruwa ɗaya ba ya sha sai ya rage wa ɗaya.

'Yarsu mai shekara shida na zaune kan benci, garin katako har gashin girarta. Tsuntsuwa suke ce mata, saboda fiton da ƙirjinta ke yi in asma ta motsa.

Ya durƙusa gabanta. "Tsuntsuwata, ina ke miki ciwo?"

"Ba... komai... Abba."

Ya juya ga matarsa. "Kin ji da kunnenki! Kasa kunne ma, ko fiton ya daina!"

Matar ta zaro ɗan bututun awon numfashi da nas ta ba ta. "To ta hura mu gani."

Ya fizge, ya maka shi da bango. Tas! Ya tarwatse.

Nan fa idon matar ya rufe. Ta ci kwalarsa, ta jijjige shi har maɓallan rigarsa suka zube.

"Kai bakinta kake ji, ni wuyanta nake kallo! Dubi yadda ramin wuyan ke lotsawa! Kalma uku ta kasa haɗawa a numfashi ɗaya! Nas ta ce in fito ya ɗauke alhali tana wahala, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga!"

"Cika ni!"

"Sai dai ka kashe ni!"

Ya ture ta, ta bugu da teburin aiki, guduma da ƙusoshi suka watse. Ya ɗaga hannu... hannun da shekara takwas bai taɓa ɗaguwa a kanta ba.

Tim!

Tsuntsuwa ce ta faɗo daga benci. Leɓɓanta sun yi shuɗi.

"Innalillahi! Gimbiya, taimake ni!" ya ƙwala wa matarsa kira.

Uwar ta danna mata abin shaƙar maganin asma a baki, ta fesa, ta sake fesawa. Shi kuwa ya sungumi 'yar ya yi titi da gudu ba takalmi. Ƙusa ta shige masa tafin ƙafa, jini na bin sawunsa, ko ji bai yi ba.

A asibiti, sai bayan la'asar likita ya cire mata abin iska daga fuska.

Kafinta ya riƙe 'yan yatsunta. "Me ya sa kika ce min ba komai?"

"Ban ji sosai ba, Abba... na saba. Kuma in na ce akwai, Umma za ta hana ni zuwa shagonka, ku yi ta faɗa."

Wayyo, ƙaton namiji sai ga hawaye shaɓe-shaɓe!

Ya juya ga matarsa, ya ga ƙullutun da teburin ya bar mata a goshi. Ya kai hannu, ta kauce.

"Gimbiyata... ki yafe min."

"Ba yau ba."

"To ko ba yau ba... koya min kallon wuyan."

Ta daɗe tana harararsa. Can ta kamo yatsansa mai kaushi, ta ɗora a ɗan ramin wuyan 'yarsu.

"Nan," ta ce, tana kuka. "Nan ba ya maka ƙarya."