Abin da Aina'u ta Zuba a Kwata

Ranar Laraba ce, ko Alhamis, na kai wa Aina'u wani littafi a Challawa. Ɗalibata ce tun ina koyarwa a jami'a. Ta samu ɗaki a wata tsohuwar majema da aka rufe, ta mayar da shi ɗakin bincike. Bangon bai daina warin fata da bagaruwa ba.

Aikinta ƙirga ne. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan masaƙa da ke bin saƙon gado suna saƙa furotin. In ana son sanin abin da ake saƙawa, sai a sheƙa wa ƙwayoyin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, kowane masaƙi ya daskare inda yake, sannan inji ya ƙirga su. Ta ce ko abin da mutum ya gani yau, sai an saƙa sabon furotin kafin ya zauna masa a ƙwaƙwalwa. Ina jin ni na koya mata wannan.

Ana kiran magariba ta ɗauki ragowar ruwan ta kwarara a kwatar bayan ɗaki. Na ce mata ba ta yi bismilla ba. Ta yi dariya, wai ruwan zafi aka hana zubarwa da almuru don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, wannan kuwa ya fi ƙanƙara sanyi.

Sanyi ma yana ƙuna. Ta san haka.

Farin hayaƙi ya taso daga kwatar, ya ƙi bajewa. Janaretan masana'antar da ke kusa ya ɗauke. Muka ji siririn kuka a ƙarƙashin siminti, irin na jinjiri. Ya katse a tsakiya.

Warin ɗanyar fata ya cika ɗakin.

Wata doguwar mata ce tsaye a bakin ƙofa, zanenta na ɗigar ruwa. Ta rungume wani ɗan abu a ƙirji, ya sandare, ya yi fari.

"Wa ya tsayar min da ɗa?" Muryar kamar raɗa.

Aina'u ta dafe cikinta. Watansa bakwai.

Matar ta sauke ido kan cikin.

"Ni ne, baiwar Allah," na ce. "Tsufa ne. Na zuba na manta bismilla."

Ta ɗora yatsa ɗaya a goshina. Sanyin ya ratsa har ƙeya.

Aina'u ce ta ja ni waje, tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Duk abin da ya faru har zuwa wannan magaribar yana nan daram a kaina. Na bayanta ba ya zama.

Yau Aina'u ta zo gaishe ni da wata yarinya cikin kayan makaranta. Na tambaya 'yar waye.

"Malam, ita ce cikin nan," ta ce, tana gyara min hula. "Ɗazu ma kun tambaya."