Sawun Taya a Hanyar Guna

Ranar da Alkasum ya fara ganin Aisa, a ƙasa yake kwance, keke na kansa. Bai daɗe da sayen keken ba daga hannun wani akawu da aka tayar zuwa Yamai, a shekarar da Nasara suka ɗauke babban ofishinsu daga Damagaram. Ya shigo wani lungun Birni a guje, yashi ya riƙe tayar gaba, sai ga baduku ɗan baduku shame-shame a ƙofar gidan Mala Gana, attajiri ɗan asalin Barno.

Aisa 'yar Mala Gana ta dawo daga rijiya ke nan da tulu a kai. Ta dubi gwiwarsa da ta kuje, ta sauke tulun ta zuba masa ruwa.

"Sannu. Dokin naka ba ya jin linzami ne?"

"Yana ji. Yau dai ya ga abin da ya fi ƙarfinsa."

Ta sunkuyar da kai ta shige gida, amma ya hango murmushin kafin ta ɓuya.

Daga ranar, duk inda Alkasum za shi a garin nan sai hanya ta bi da shi ta wannan lungu. Abin da ya samu a ɗinkin fata kuwa keke ke cinyewa. Yau famfo, gobe ƙararrawa, jibi fitila. Ya ɗinka wata 'yar jaka ta jar fata ya rataya a bayan sirdi, ya zuba ƙarfen kwance noti da gam da guntayen roba na liƙi. Abokansa na Zango har tsokanarsa suke, wai keken ya riga Aisa shiga ɗaki.

Gwaggo Kaltuma, ƙanwar Mala Gana mai sayar da turare gida-gida, ita ke kai saƙo tana kawowa, kuma ba ta rage ko kalma ɗaya.

"Ki ce wa Hasken Birni, gwiwa ta warke, amma ciwon ya koma ƙirji."

Amsa ta zo da yamma: "Ki ce wa Mai dokin ƙarfe ya rage gudu. In ya karye, wa zan riƙa leƙe ta katanga?"

Da iyayen Alkasum suka je neman iri, Mala Gana ya karɓe su da mutunci, ya sallame su da sanyin gwiwa. Ya ce bai raina sana'ar kowa ba, amma gidansa ba su taɓa haɗa jini da masu aikin fata ba. Ban da haka, yaron da ya ɗora ransa kan abin hawan Nasara, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga bariki. Abin da bai faɗa ba shi ne Mai Nasara, tafintan kwamanda, shi ma yana zarya a ƙofar gidan da nasa keken. Mala ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, sai dai a lokacin nan wa ya isa ya kori tafinta daga zaurensa?

Ana nan sai aikin dole ya sauko. Nasara na fasa sabuwar hanya zuwa garin Takieta, kowace unguwa sai ta ba da maza. Waɗanda suka tafi suna dawowa a rame kamar kara, wasu kuma rigarsu kawai ake kawo wa iyaye. Kira ya faɗa kan Idirisu, yayan Aisa, wanda tari ya daɗe yana cin ƙirjinsa. Kowa a gidan ya san in ya je ba zai dawo ba. Mala Gana ya fitar da shi a ɓoye zuwa wata bukkar gona bayan ƙauyen Guna, aka ce wa mai unguwa ya tafi fatauci Kano.

Gardawa, dakarun kwamanda, suka sa wa gidan ido, ba mai fita da ƙunshi ba a bi shi ba. Sai Aisa ta aika Gwaggo.

"Ki ce masa Yaya ba abinci, ba magani. Ban da wanda na yarda da shi sai shi."

Alkasum ya ji kamar an ba shi sarauta. A makon nan ya sayi sababbin tayoyi a kantin Nasara, masu zane a jiki kamar kitso. Ya ɗaure garin gero da jiƙo a bayan keke, ya kama hanyar Guna da hantsi, ya dawo kafin la'asar, yana murna ba wanda ya gan shi.

Wayyo Alkasum. Shi da ya tashi a garin da sawun mutum ke ɓacewa cikin sawun jakai da raƙuma, bai taɓa kawowa a ransa cewa keke dabam yake ba. Keke layi ɗaya yake ja a yashi, ba ya yankewa, daga ƙofar da ya fito har ƙofar da ya tsaya. Kekunan garin kuma ba su da yawa, Mai Nasara ya san tayar kowanne. Da ya ga sabon zane ya miƙe gabas inda ba kasuwa ba dangi, sai ya nuna wa gardawa da bakin sandarsa.

Washegari aka ratsa kasuwa da Idirisu, igiya a ƙugu, yana tari yana tuntuɓe. Kafin azahar Mai Nasara ya baza cewa baduku ne ya sayar da shi, sababbin tayoyin nan su ne ladan. Magana ta zauna daram, don kowa ya ga tayoyin.

Gwaggo Kaltuma ta zo rumfar Alkasum ba ta ko zauna ba. Ta ce an ba ta saƙo, kuma ba da son ranta za ta faɗa ba.

"Ta ce, na ba ka ran Yayana ka riƙe, ka musanya shi da roba. Kada ka ƙara bi ta lungunmu."

Bai yi rantsuwa ba, bai kare kansa ba. Ya fita ya tsaya a bakin hanya yana kallon layin da tayarsa ta bari, nan ya gane abin da ya yi. Bai sayar da Idirisu ba, amma shi ya kai su har bakin bukka.

Ya tura keken har bariki, ya ce a ɗauke shi a madadin mai tari. Kwamanda kawuna yake so, ba ruwansa da na wane ne, ga kuma ƙato lafiyayye. Mai Nasara ya fassara maganar da saurin da bai taɓa yi ba. Aka kwance igiya daga ƙugun Idirisu aka ɗaura a na Alkasum, wani gardi ya haye keken ya yi gaba da shi.

Idirisu ne ya faɗa wa gida gaskiya. Ya ce da kunnensa ya ji gardawa suna dariyar wawan da ya ja musu layi har gona, suna yaba idon tafinta. Aisa ta shiga ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta so ta janye maganarta, amma ba mai kai saƙo wajen fasa dutse. Da Mai Nasara ya sake zuwa, Mala Gana ya tare shi a ƙofa, ya ce zauren ya cika, alhali ba kowa a ciki.

Damina ta zo ta wuce. Bayan girbi aka sako ragowar mutanen, Alkasum na cikinsu, baƙi ƙirin, ƙasusuwa a waje. Dutse ya faɗo masa a hannun dama, yatsa biyu kawai suka rage. Baduku ba yatsu, ai sai dai suna. Ya shige ɗakin uwarsa ya ƙi fitowa, ya aika a kira Gwaggo.

"Ki ce mata na yafe, ita ma ta yafe mini. Mai dokin ƙarfe ya mutu a hanyar Takieta. Wanda ya dawo ba ya iya riƙe allura, kada ta jira shi."

Wannan karon Aisa ba ta ba da amsa a bakin kowa ba. Ta yafa mayafi ta bi Gwaggo har gidan, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin.

"Alkasum, fito da hannun in gani."

"Ba abin gani ba ne, Aisa."

"Saboda gidanmu ya zama haka. In ka ɓoye mini shi, wa za ka nuna wa?"

Ya miƙo shi ta gefen labule. Ta kalle shi ba ta kau da kai ba, hawaye na zuba. Ta ce ita ta iya zare da allura, shi ya iya yanka da zane, tsakaninsu ba za a rasa jaka ɗaya a yini ba.

Mala Gana da ƙafarsa ya taka har gidan dukawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa uban Alkasum ya zo ne ya roƙi abin da aka taɓa roƙonsa ya hana.

Bikin bai yi armashi ba, gari duk zaman makoki ne, a lungunsu kaɗai gida biyu ba su ga 'ya'yansu ba. Ranar sa lallen ango, tsohuwar da za ta shafa ta ga hannun, ta yi turus, ta nemi na hagu. Idirisu ya matso yana tari, ya karɓi ƙwaryar daga hannunta.

"Wannan za a sa wa, Inna. Shi ya biya sadakin."

Ya shafa lallen a kan yatsu biyun da tabon da ke kusa da su, a hankali, mazan da ke wurin kowa ya sunkuyar da kai. Da safe aka ɗaura aure a zauren Mala Gana. Tsohon ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma sa 'ya'yansu kada su san igiyar gardi. Zauren ya amsa da amin.